Kan da Garma Ta Tono a Gonar Babanmu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na yi lalube kafin in kamo su. Amma ranar da garma ta tono kan nan a gonar babanmu, ita kam tana nan daram, kuma na san ba za ta bar ni ba sai ranar da aka rufe ni.

Abin ya faru ne 'yan shekaru kafin a ba da mulkin kai, Turawa suna nan ba su tafi ba. Ƙauyenmu a kan dutse yake, kusa da Dabai, a ƙasar Zuru. Mu Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. A shekarun nan ne mutane suka fara saukowa daga kan duwatsu suna saran gona a fili, tunda tsoron hari ya kau, 'yan gonakin da kakanni suka tokare da duwatsu a can sama kuma sun gaji. Babanmu ma ya sari tasa a gindin dutse, ƙasa baƙa mai kyau. Sai dai akwai wani maƙwabcinmu da tun ranar da aka sa gatari yake gunagunin wai wurin na gidansu ne. Ba shi da shaida, don haka gunagunin bai wuce bakin ƙofarsa ba.

Ni a lokacin budurwa ce, kuma saurayina yana daminarsa ta ƙarshe a golmo. Ga wanda bai sani ba, a wurinmu ba da aljihu ake auren mace ba, da ƙashin baya ake aurenta. Saurayi da tsaransa za su yi wa uban yarinya noma shekara bakwai, sannan a ba shi ita. Nawa ɗan kokawa ne, ga ƙirji ga wuya, amma idan ya gan ni sai bakinsa ya mutu. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, kullum cikin tsokanarsa nake, ina ce masa kunyoyinsa a karkace suke. Ƙarya nake yi, duk ƙauyen babu mai huɗa irin tasa. Ina son sa ƙwarai, ko da yake a wancan zamani ba a faɗin irin wannan.

Dole in gaya muku wace ce Innarmu, don a hannunta maganar ta ƙare. Maginiyar tukwane ce, amma ba tukwanen girki kaɗai ba. Tana cikin 'yan matan gidajen da aka yarje wa ginin tukwanen kabari, waɗanda ake ɗorawa a kan makwancin babban manomi, ko maharbi, ko gwanin kokawa. Sana'ar daga uwa take zuwa ga 'ya, ba a yin ta a gaban maza, kuma kowane hannu da alamarsa. Inna za ta dubi tukunyar da gansakuka ta rufe ta gaya maka wadda ta gina ta da gidan da aka gina wa. Mace ce marar yawan magana, ba ta yabo. Saurayina ya yi shekaru yana zubar da gumi a gonarmu, abin da kawai na taɓa jin ta faɗa a kansa shi ne yana da ci.

Ranar, da hantsi, mun ɗauko kunu da tuwo mu 'yan mata za mu kai wa masu golmo. Tun daga kan gangare muke jin ganga da waƙarsu. Muna cikin saukowa sai ganga ta tsaya cak, ba irin tsayawar hutu ba. Da muka ƙarasa muka tarar sun yi da'ira, kowa ya yi tsuru-tsuru, saurayina kuma yana tsakiya, garmarsa a yashe. Na kutsa da ƙwarya a kaina. A cikin kunyar da ya fara tadawa, ga fuskar mutum ta yumɓu tana kallon sama, ƙasa cike da idanunta. Bakin garma ya fille mata kunne ɗaya, ya kuma ɓantare wani gefe na ƙeya.

Ban san lokacin da kunu ya bi ta wuyana ba. Kowa a wurin ya san hukuncin wanda ya fasa tukunyar kabari a ƙauyenmu, ko da gangan ko da kuskure: ya sari mamaci a ka. Babu gidan da zai ba shi 'ya, golmon da ya yi kuwa ya tashi a banza. Muna yara an yi wa wani haka, ya ɗauki ƙunshinsa ya tafi ya shiga soja, uwarsa ta mutu ba ta sake ganin sa ba.

Kafin a ce me, labari ya hau dutse ya sauko da mutane. Maƙwabcin nan ne a gaba, yana haki. Ko duƙawa bai yi ya duba da kyau ba, ya ɗaga hannu ya ce ai ga shaidar da yake nema, kabarin kakan kakansa ne, dama ya sha faɗa. Babanmu ya tare shi ya ce idan kabari ne to na gidanmu ne, shi ya sa ma zuciyarsa ta kawo shi wurin. Suka yi ta sa-in-sa. Ni ina tsaye ina sauraro, sai na gane wani abu: duk wanda ya yi nasara a cikinsu, saurayina ya faɗi. In na maƙwabci ne, ya sari mamacin mutane. In namu ne, ya sari kakan matar da zai aura, wanda ya fi muni. A cikin su biyun babu wanda ya ko dubi inda yake tsaye.

Tsohon da ke riƙe da tsafin dutse ne ya raba su. Ya sa aka rufe kan da ganye, ya ce kada wanda ya taɓa, gobe da safe maginiya za ta zo ta duba ta faɗi gidan da yake. Maƙwabci ya ce yaya za a sa matar abokin gardama ta yi shaida. Tsohon ya amsa masa da cewa ita ce babba a cikin maginan da suka rage, kuma kowa ya san abin da ke samun hannun maginiyar da ta yi ƙarya a kan tukunyar kabari. Saurayina kuma aka ce kada ya taka ƙofar gidan kowa sai an yanke magana.

Da yamma Inna tana zaune a bayan rumbu tana tankaɗe dakakken tsingaro, wato fasassun tukwanen da ake haɗawa da yumɓu don ya yi ƙarfi. Baba ya zo ya tsaya a kanta. Da yarenmu aka yi maganar, ni ce nake juya muku ita da Hausar wajenmu.

"Uwar yara, ke kin san abin da za ki hwaɗi gobe. In wagga gona ta kuɓuce muna, mi za mu ci baɗi?"

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tankaɗe. Ni da nake laɓe a bakin ɗaki na kasa haƙuri, na fito na ce to saurayina fa, shekarunsa fa? Ban taɓa yi wa Baba magana a tsaye ba sai ranar. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce samari suna da yawa a kan dutsen nan, amma baƙar ƙasa irin waccan guda ce. Na ji kamar in yi ihu. Na daɗe ina riƙe da wannan magana a raina, sai da na haifi nawa, na ga yadda gindin rumbu yake idan damina ta yi nisa, sannan na sauke masa. Ba mugu ba ne, mutum ne mai bakuna da yawa a gida.

Gari na wayewa na bi Inna rafi, na roƙe ta. Ban ma san abin da nake roƙo ba, tunda duk gidan da ta ambata ni ce a ƙasa. Na dai ce ta yi wani abu, ta ce ba tukunyar kabari ba ce, ta ce wasan yara ne, ta ce komai. Ta cika tulunta, ta ɗora, sannan ta ce, "Ban gani ba tukuna. Mi zan hwaɗi kan abin da ban gani ba?" A hanyar dawowa na hango saurayina zaune a kan wani falalen dutse bayan gari, raɓa ta jiƙa shi, ga ɗan ƙunshi a gefensa. Wansa, wanda ya yi yaƙin Bama ya dawo, ya riga ya gaya masa inda ake ɗaukar soja.

Duk ƙauyen ya sauko gona. Da yake maza ba sa ganin cikin tukunyar kabari, aka sa su suka ja baya can bakin iyaka, matan da ba na gidan gini ba su ma suka tsaya nesa. Ni kaɗai na bi ta, don ni ce magajiyar sana'ar. Na riƙe mata ƙwaryar ruwa.

Ta durƙusa ta yaye ganyen, ta shiga tone gefe da gefe da yatsunta. Abin da na fara lura da shi, ko ni da ban ƙware ba, shi ne babu duwatsun da muke kewaye kabari da su. Namu tukwanen a sama ake ɗora su, kowa na gani. Wannan kuwa a ƙarƙashin jar tsakuwa yake, ruwan shekaru ne ya zaizaye gangaren har garma ta kai gare shi. Babu ƙashi, sai ɗan gawayi. Da ta ciro shi ta wanke, sai ga kai mai tsawo, ya kai girman tulun yara. An yi masa kitso ƙulli-ƙulli wanda ban taɓa gani a kan kowa ba. Idanun manya, an huda ƙwayarsu, an huda hanci da kunne. Babu tsagen gidan kowa a fuskar. Leɓunan a ɗan buɗe suke, sai ka ce an katse shi yana tsakiyar magana.

Inna ta juya shi ta duba ƙarƙashin wuya, inda maginanmu ke sa alama, ba ta ga komai ba. Ta ƙwanƙwasa shi da farce ta kasa kunne. Ta ɓalli ɗan ɓarɓashi daga inda garma ta sara ta jefa a baki ta tauna, yadda take gwada yumɓu idan an kawo mata daga sabon rami. Ta tofar, ta sake ɓalla ta sake taunawa. Matar nan ta san ɗanɗanon kowane ramin yumɓu daga Dabai har Wasagu, amma na ga goshinta ya tattare. Can nesa ina jin Baba yana gyaran murya, yana sake gyarawa.

Sai ta zura hannu ta ɓantararren wurin nan na ƙeya, tana shafa ciki. Nan take ta tsaya. Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba, kuma tsoron da na ji a lokacin ya fi na jiya. Ta zaro hannunta, ta kama nawa ta tura ciki, ta danna yatsuna a jikin bangon. Akwai sawun yatsu a wurin, inda aka tokare yumɓun ta ciki yana ɗanye. Babban yatsana ya faɗa cikin gurbin babban yatsan wani, ya zauna daidai kamar ni na yi shi.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji. "Ƙaramin hannu na, irin naki. Kuma ta iya. Ta hi ni iyawa."

Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwoyinta, muka nufi inda maza suke. Ban san abin da za ta ce ba, na rantse ban sani ba. Baba ya kafa mata ido. Maƙwabci ya riga ya buɗe baki yana jiran gardama. Saurayina yana can gefe shi kaɗai, kansa a ƙasa. Tsohon ya tambaye ta na wane gida ne.

"Baba, wanga kai ba na gidan mijina na ba," ta ce wa tsohon. Maƙwabci ya fara murmushi. "Ba kuma na gidan wanga na ba. Babu gidan da ad da shi bisa dutsen ga."

Wurin ya kaure. Maƙwabci ya ce wayo ne, ta ga 'yarta za ta rasa miji. Baba kuwa na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Wani ya ce wataƙila aikin wata maginiya ce ta can da, wadda aka manta. Inna ta jira suka lafa, sannan ta yi bayani mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta. Ta ce yumɓun da tsakuwa mai ƙyalli aka haɗa shi, ba da tsingaro ba, kuma ba daga ramin da ta sani ya fito ba. Ta ce mu idan za mu yi ido ko hanci ɗora yumɓu muke yi mu liƙa, wannan kuwa sai da ya sha iska aka sassaƙe shi da wuƙa, yadda ake yi wa ƙwarya zane. Ita daga uwarta ta koya, uwarta daga tata uwar, kuma a duk tsofaffin kaburburan da ke kan dutse, har waɗanda ba a san masu su ba, babu hannu irin wannan.

Tsohon ya ce, "To ɗiyata, in ba namu na ba, su wa sunka gina shi?"

"Ban sani ba, Baba."

Wannan amsa ta fi duk abin da ta faɗa a baya nauyi. Ku gane, mu tun muna goye ake gaya mana kakanninmu ne suka fara hawa dutsen nan, ba su tarar da kowa ba sai birai da kuraye. A kan wannan magana kowane gida yake tsaye, a kanta kowace gona take. Yanzu ga mace ta tsaya a gaban dattawa ta ce akwai waɗanda suka riga mu, suka yi kitso, suka hura wuta, suka shuɗe ba mu ko san sunansu ba. Abu mafi sauƙi ga tsohon shi ne ya ce ƙarya take yi, ya ba wa gida ɗaya kan, a wuce wurin. Na ga yana auna hakan, wallahi na gani a fuskarsa. Ya daɗe yana kallon dutse. Sannan ya duƙa da ƙyar, ya ɗebi ƙasar wurin ya miƙa mata. Ta karɓa ta sa a harshe ba tare da ta ƙifta ido ba, wanda a wurinmu babu rantsuwar da ta wuce wannan.

Hukuncinsa gajere ne. Tunda ba mamacin kowa aka sara ba, babu gidan da zai ce an yi masa laifi, golmon yaro yana nan. Kan kuwa a mayar da shi inda aka same shi, a haɗa masa da kunnensa. Wurin da kewayensa kada a sake sa masa garma, ba na Baba ba ne, ba na maƙwabci ba. Wani da ya saba zuwa kasuwar Zuru ya ce ko a kai wa Bature, ya ji suna son irin waɗannan abubuwa. Tsohon ya ce mai gida ne muka tarar yana barci, ba za mu ɗauke shi mu miƙa wa baƙo ba.

Na waiwaya in ga saurayina. Mutumin da ba a taɓa kai bayansa ƙasa a fagen kokawa ba, sai ga shi zaune daɓas a cikin kunyar gona. Na so in tsokane shi, sai hawaye. Bayan an yi girbi an sha bikinmu na Uhola aka kai ni ɗakinsa, kuma shi ne uban 'ya'yana duka. Baba ya rasa mafi kyawun gefen gonarsa, ya yi kwanaki ba ya cin tuwon Inna. Ita ko a jikinta, ta dinga ba mu rabonsa.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne, Inna ba ta sake samun sukuni da kan nan ba. Duk rani, idan ta gama tukwanen mutane, sai ta keɓe ta gina kai, ta bar shi ya sha iska, ta sassaƙe, ta huda ido. Duk wanda ta sa a wuta sai ya fashe. Na taɓa ce mata ta bari mana, tunda ba mai saye. Ta ce ita so take ta san yadda waccan ta yi. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta gano ba.

Bayan shekaru masu yawa wani jikana ya nuna mini hoto a littafin makarantarsu, kawunan yumɓu da aka tono a wani yanki na ƙasar nan. Sun yi kama da namu, ba dai sak ba. Na tambaye shi su wane ne, wane yare suke yi, me ya tashe su. Ya ce masu binciken ma ba su sani ba, sunan garin da aka fara tono su kawai aka laƙaba musu. Na yi dariya na ce ashe inda Innata ta tsaya nan su ma suka tsaya. An kuma yi wani zamani da masu sayen kayan tarihi suka riƙa yawo ƙauyukanmu suna tambaya. Da suka zo kaina na ce na tsufa, na manta. Wurin yana nan, itatuwa sun rufe shi, yaran yanzu suna noma kewaye da shi ba su san dalili ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, idan mutum bai sani ba, ya ce bai sani ba, ko da kowa ya zuba masa ido yana jiran ya ambaci suna. Da Inna ta zaɓi faranta wa mijinta, ko ta tsorata da bakin maƙwabci, da 'ya'yana da jikokina babu ko ɗaya a duniya. Na kuma daina yarda da duk wanda ya bugi ƙirji ya ce shi ne na farko a wuri. Ni ma na yi ginin tukwane har idona ya raunana, kuma babu wadda na taɓa sa wa wuta ban danna babban yatsana a cikinta ba, can inda ba a gani, saboda wadda za ta zo ta tarar bayan an manta da mu.